Kunnen Gita da Faifan Majigi: Yadda Nake Tayar da Su a Rumfata

Rumfata tana bakin hanyar da ta tashi daga Gumel ta nufi Maigatari. Abin da na koya a wurin maigidana, Allah Ya jiƙansa, gyaran rediyo ne da keken ɗinki da agogon bango, amma wanda ya kafa rumfa a hanyar kasuwa ba shi yake zaɓar abin da za a ajiye masa ba. A hunturun bara, cikin sati guda, aka kawo mini abubuwa biyu da suka sa na zauna rubuta wannan bayani. Ranar Alhamis, ranar da Maigatari take ci, wani saurayi daga wajen Damagaram ya sauko daga mota da gita a naɗe cikin bargo. Bayan kwana uku wani dattijo, tsohon malamin gona da ya yi ritaya a ƙauyenmu, ya aiko jikansa da buhu a kan kai. Da na kwance bakin buhun sai ga majigi ƙirar Kodak, da faifansa mai zagaye, hotuna cike a ciki.

Ba su yi kama da juna ba, amma ciwonsu ɗaya ne. Dukansu da ƙananan haƙora suke aiki, dukansu an shafa musu giris a masana'anta shekara arba'in ko hamsin da suka wuce, giris ɗin ya sha ƙurar hunturu ya daskare kamar ƙaro. Daga nan sai mai abu ya ji ya cije, ya sa ƙarfi. Yawancin karyewar da nake gani hannun mutum ne ya yi ta, ba shekaru ba.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙananan sukudireba irin na masu agogo, tsohon buroshin goge baki, kananzir a murfin gwangwani, sifirit, man keken ɗinki, farin giris kaɗan, fensir, tsinken ashana, farin gam na kafinta, da tsumman tsohuwar singileti mai laushi. Sai tire ko farantin silba da za ka riƙa zuba notuna, domin notin da ya faɗi a yashi ya tafi ke nan.

Gitar tukuna

Mai gurmi ko molo idan zai gyara murya, ɗaurin fatar da ke wuyan kayan kiɗansa yake turawa sama ko ƙasa. Ita gita ƙarfe aka sa mata a ka, guda shida, kowace tsirkiya da nata. Ni kunnuwa nake ce musu, don murɗa su ake yi. Kowane kunne sassa uku ne. Akwai maɗaukin da yatsa ke kamawa. A jikinsa akwai sandar ƙarfe mai zare irin na noti, wadda Turawa ke kira tsutsa saboda kamanninta. Tsutsar tana cizon wata 'yar taya mai haƙora, tayar kuma tana manne da turken da tsirkiya ke naɗuwa a kansa. A tsofaffin gita sai ka murɗa maɗauki sau 12 ko 14 kafin turke ya zagaya sau ɗaya, na zamani wasu har sau 18. Hikimar wannan haɗi ita ce tsutsa tana iya juya taya, amma taya ba ta iya juya tsutsa. Shi ya sa tsirkiyoyin ƙarfe shida, da suke jan wuyan gita da nauyin da ya kai kilo saba'in, ba sa iya warware kansu.

Ka riƙe wannan da kyau, don shi zai hana ka ɓarnar kuɗi. Saurayin nan cewa ya yi: "Kawu, kunnuwan ne suka mutu, murya ba ta tsayawa. A cire su a sa sababbi." Gitar Yamaha ce, FG-180, mai jar takarda a ciki da aka rubuta Nippon Gakki, irin wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1966. Na ce masa: "Ɗana, bari mu ji ta bakinta tukuna."

Ga gwajin. Ka murɗa kunne a hankali kana kaɗa tsirkiya. Idan murya ta ƙi motsi, ta ƙi motsi, sannan ka ji "ƙis" ta yi tsalle gaba ɗaya, laifin ba na kunne ba ne. Tsirkiyar ce take maƙalewa a tsagar ɗan farin ƙashin nan da ke tsakanin wuya da kai. Ka sassauta ta, ka ɗage ta gefe, ka share tsagar da takarda a ninke, ka goga bakin fensir a ciki har ta yi baƙi. Sau da yawa aikin ya ƙare a nan. Idan kuma ka ga naɗin tsirkiya ya hau kan juna a turke kamar zaren da yaro ya naɗe, wannan ma yana sa murya zamewa, kuma naɗi za a sake, ba ƙarfe ba. Kunne yana da laifi ne idan maɗauki yana yawo fiye da kwata na zagaye ba tare da turke ya motsa ba, ko ya cije sam, ko turken yana rawa a raminsa, ko ka hango haƙori ya ɓalle.

Na saurayin nan biyu sun cije, ɗaya yana yawo, uku lafiyarsu ƙalau sai datti.

Ka sassauta tsirkiyoyi duka ka cire. Kafin ka taɓa noti, ɗauki hoton bayan kan gitar da wayarka. Kunnuwan hagu da na dama ba sa musanya, kuma a yawancin gita tayar haƙora tana ɓangaren gangar jiki ne, tsutsa tana ɓangaren ƙarshen kai, domin jan tsirkiya ya riƙa danna haƙora cikin tsutsa maimakon ya raba su. Ina zana da'ira shida a kwali, in ajiye kowane kunne da notunansa a gidansa. Sukudireba kuma ta zama daidai bakin notin. Notunan nan ƙanana ne, ƙarfensu da laushi, zamewa ɗaya ta isa ta cinye kan.

Kada ka wanke kunne yana jikin gita. Fentin tsofaffin gita da yawa ba ya shiri da sifirit ko tina, ɗigo ɗaya zai bar tabon da ba ya fita. A cire, a koma gefe.

Idan buɗaɗɗen kunne ne, wanda kake ganin haƙoransa a fili, akwai noti ɗaya a tsakiyar taya. Kwance shi, taya ta fita, turke ya zare. Ka jiƙa buroshi da kananzir ka bi zaren tsutsa da tsakanin haƙora ɗaya bayan ɗaya, abin da ya ƙi fita ka tono shi da tsinke. Za ka ga wani abu baƙi mai yashi-yashi yana fitowa, wannan shi ne yake cin tagullar a hankali kamar dutsen wasa wuƙa. Ƙarfen kawai za ka tsoma, maɗaukin roba kada ya kwanta a kananzir. Ka goge, ka shanya a inuwa ya bushe sarai. Tsatsa ta sama-sama tsumma da ɗigon mai sun ishe ta. Ban yarda da goge su da sanfefa har su yi ƙyalli ba, dushewar nan ta shekaru ba cuta ba ce, kuma masu sanin darajar tsohuwar gita sun fi son ta a haka.

Wurin sa mai ne nake saɓa wa abin da za ka ji daga wasu. A ƙasar da babu ƙura suna cika haƙora da giris. A nan, buɗaɗɗen kunne mai giris da yawa tarkon ƙura ne, hunturu ɗaya zai mayar da kai inda ka fito. Ɗigon man keke ɗaya a inda sandar tsutsa ke juyawa ta kowane gefe, sai giris kamar ƙwayar gero a kan haƙora, ka juya sau ashirin, ka goge duk abin da ya fito. Baƙin man inji da man gyaɗa kada su kusanci wurin. Na ga kunnen da aka ɗiga wa man gyaɗa, ya yi danƙo har kiyashi sun yi hanya a kansa.

Da ka zo mayarwa, notin tsakiyar taya shi ke da hukunci. Ka ɗaure shi har yawon ya ɓace, amma ka tsaya tun kunnen yana juyawa da yatsu biyu. Kunnen saurayin da ke yawo, wannan notin ne kawai ya saki rabin zagaye.

Akwai masu rufaffen baya, irin Kluson na Chicago da aka riƙa sa wa gita ƙirar Fender da Gibson a shekarun 1950 da 1960. Murfinsu da 'yan harsunan ƙarfe aka lanƙwasa shi, in ka buɗe su sau ɗaya ko biyu sai su karye. Kada ka buɗe. Akwai ɗan rami a bayan murfin, an yi shi ne don mai. Ɗiga man keke ta nan, ka yi ta juyawa gaba da baya har ya saki. Su kuwa Grover Rotomatic da Schaller na Jamus, masu jiki a rufe ruf, giris ɗinsu yana ciki. Abin da za ka duba shi ne ɗan notin da ke ƙarshen maɗauki, wanda ke ƙara ko rage tauri, da noti mai kusurwa shida da ke saman kai, kada ya saki.

Maɗaukin roba na da can yana tsukewa, ya tsattsage, ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Wanda ya fara haka ba gam da zai cece shi, kuma tururin da yake fitarwa yana sa ƙarfen kusa da shi tsatsa. Ka fasa shi da filaya, ka kankare sandar, ka ɗora mata ƙarfen narka dalma ta yi zafi, sannan ka tura sabon maɗauki a miƙe ka riƙe har ya huce. Ka nisanta tsohon ɓarɓashin daga wuta, irin wannan roba tana kamawa nan take. Inda ban sami na saye ba, na taɓa sassaƙa maɗauki da ƙashin saniya na kafa da gam mai haɗi biyu, yana nan yana aiki.

Ramin noti da ya zarme kuwa, tsinken ashana ka tsoma a farin gam, ka cusa, ka karya daidai fuskar katako, ka bari ya kwana. Gobe noti zai kama kamar sabo.

Abu ɗaya nake roƙon ka da shi: kada ka faɗaɗa ramin turke. Ramin tsofaffin kunnuwa bai cika milimita 9 ba, na zamani masu rufaffen jiki milimita 10 suke so. Shekarun baya, ina da ƙuruciya, wani ya kawo mini gita da sababbin kunnuwa, na sa abin huji na lantarki don in buɗe ramukan. A rami na huɗu katakon ya tsage har gefe. Na ɗinke shi da gam, amma tabon yana nan, kuma mai gitar bai ƙara kawo mini komai ba, da gaskiyarsa. In dole sai an canza, a nemi masu girman na asali, Gotoh na Japan suna yin irinsu, a kuma adana tsofaffin a ƙulle a leda tare da gitar.

Wajen ɗaura tsirkiya, masu kauri naɗi biyu zuwa uku, sirara huɗu zuwa biyar, kowane naɗi a ƙarƙashin na gabansa, yana gangarowa ƙasa. A kai mai uku hagu uku dama, tsirkiya ta bi ta cikin tsakiyar kai ta zagayo waje. In gitar mai tsirkiyar roba ce, mai dogayen tsagogi biyu a ka, kada ka sa mata ta ƙarfe ko da ita kaɗai ka samu a kasuwa, za ta ɗaga jakin, wato katakon da ake ɗaure tsirkiya a gangar jiki, ta lanƙwasa wuyan. Kuma kullum ka hau zuwa murya daga ƙasa. In ka wuce, sauko sosai ka sake hawa, don haƙora su tsaya a cije.

Saurayin ya zauna a bencina ya daidaita ta, ya kaɗa kusan rabin awa, masu shayi na gefe suka yi shiru. Murya ba ta zame ba.

Majigin Baba

Mu da muka tashi a ƙauye mun san majigi tun na mota mai lasifika, wanda ake kafa farin ƙyalle a ƙofar fada. Wannan ƙaninsa ne, hoto ɗaya-ɗaya yake nunawa ba mai motsi ba. Kodak ta fito da shi a 1961 da sunan Carousel, ta daina ƙera shi a 2004. Kowane hoto ɗan fim ne mai milimita 35 a cikin firam na kwali ko roba, inci biyu tsawo inci biyu faɗi. Faifan yana ɗaukar 80, akwai kuma mai 140. Abin da ya sa ya fi majigi mai doguwar tire shi ne ba a tura hoto da ƙarfi. Faifai ya juyo, hoto ya faɗa da nauyinsa ta wata tsaga zuwa gaban fitila, sannan wani hannu ya ɗago shi ya mayar gidansa.

Washegarin ranar da aka kawo buhun, Baba, dattijon nan mai majigin, ya zo da kansa, da sandarsa. Ya ce: "Yaro, hotunan aikinmu ne a ciki. Da shi muke nuna wa manoma tazarar shuka da yadda ake sa taki. Ina so jikokina su gani kafin ƙasa ta rufe mini ido." Na ce: "In Allah Ya yarda, Baba. Amma yau ba za mu kunna ba."

Kada ka kunna majigin da ya daɗe a ajiye. Fara juya shi ka karanta rubutun da ke ƙasa ko baya. Na Amurka wutar 120 yake sha, tamu kuwa 230 ce. In ka soka shi kai tsaye a janareta, ƙwan zai tashi cikin ƙiftawar ido, wataƙila har da moto. Yana buƙatar taransifoma mai rage wuta. Ga mai ƙwan wat 300, irin ELH, taransifomar kada ta gaza wat 500. Tsofaffin farko masu ƙwan DEK na wat 500 sai mai 1000. Akwai kuma waɗanda Kodak ta ƙera a Stuttgart ta Jamus, Carousel S da S-AV, masu ƙwan bolt 24. Su suna karɓar wutarmu, sai dai in akwai maɓallin zaɓen wuta ka tabbata yana kan 220 ko 240. Na Baba na Amurka ne, 760H. Wani abu kuma: wutar Amurka bugu 60 take yi a daƙiƙa, tamu 50, don haka fankarsa za ta ɗan rage gudu a nan, sanyayawarta ta ragu. Saboda haka nake barin fitila a LOW, ba na kai ta HIGH. Hasken ya isa a duhun ƙauye, ƙwan kuma ya fi daɗewa. In da ƙaramin janareta za ka yi, sa sitabilaiza a tsakani, kuma kada a jona dutsen guga ko firji a lokacin.

Sai cire faifai. A ƙa'ida faifai ba ya fita sai lambar 0 ta zo daidai alamar da ke jikin majigi. In akwai wuta, ana danne maɓallin SELECT a juya shi da hannu zuwa 0. In ya cije a tsakiya, kamar na Baba da ya tsaya a 37, kada ka fizga. A tsakiyar cibiyar da faifan ke zaune akwai wani noti mai faɗin tsaga. Sa kwabo ko babbar sukudireba ka juya shi ka riƙe, ka ɗaga faifan. Amma kafin nan ka tabbata zoben da ke kulle hotuna ta sama yana nan a ɗaure, in ba haka ba kana kifa shi hotuna tamanin za su watse a ƙasa, jerin da mai su ya yi shekaru da shi ya rushe. Ka kifa faifan, za ka ga farantin ƙarfe a ƙasansa mai tsaga ɗaya. Juya shi har ka ji ya kulle, tsagar ta koma kan 0. Sannan ka ciro hoton da ya maƙale a cikin majigin da yatsa, ta gefen firam.

Abin da ya maƙale a na Baba hoto ne da kwalinsa ya sha damina ya kumbura, bakinsa ya buɗe biyu. Irin wannan a sauya masa firam, ko a manne bakin a danne shi ƙarƙashin littafi mai nauyi kwana biyu. Faifai mai 140 ramukansa matsattsu ne, kwali ya ɗan lanƙwashe kaɗan sai ya ƙi faɗawa. In kana da zaɓi, riƙe mai 80.

Yanzu ciki. Waya a zare daga wuta. Buɗe ƙofar fitila da ke ƙasa. Na tarar da gidan zanzaro guda biyu, ɗaya a kan fiffiken fanka, da saƙar gizo da kashin kyankyaso. Da an kunna a haka, fanka ba za ta juya ba, zafi ya taru ya ƙone hoton da ke ƙofa. Ka kankare, ka share da busasshen buroshi, ka juya fanka da yatsa ka ji tana tafiya sumul. Ɗigon man keke a inda sandar moto ke juyawa ya wadatar.

Tsakanin ƙwai da hoto akwai gilasai: mai kumburi da ke tara haske, da wani shimfiɗaɗɗe mai ɗan kore-kore da ke tsotse zafi, a wasu kuma har da madubi. Zana yadda suke a takarda kafin ka zare su, ka goge da tsumma mai laushi da ɗan sifirit, madubin kuma da hannu mara nauyi don fuskarsa ba ta jure gurza. Gilashin zafin nan in ya fashe ko ya ɓata, majigin bai tashi aiki ba sai an sami wani. Idan babu shi fim yana narkewa cikin daƙiƙoƙi, kuma hoton Baba ba shi da na biyu a duniya. Shi ƙwan, kada yatsanka ya taɓa gilashinsa, maiƙon hannu yana sa ya ƙone da wuri. Kama shi da tsumma.

In ka danna maɓallin gaba ka ji moto yana gurnani amma faifai bai motsa ba, abu biyu ne. Ko giris ya daskare a kan jerin ƙarafan da ke ɗaga hannu da tura faifai, ko kuma wata 'yar mahaɗar roba da ke jan kulocin ta karye, wanda ciwo ne sananne a irin wannan ƙira. Na farko, auduga a tsinke da sifirit, ka bi a hankali kana narkar da tsohon giris, sannan ka shafa sabo siriri. Na biyu sai an sauya robar, ana samun ta wurin masu sayar da kayan tsofaffin majigi ta intanet. Haka 'yar tayar roba da ke tura gilashin gaba don daidaita hoto, ita ma tana tsagewa da tsufa. In ta tsage kafin ka sami wata, kana iya tura gilashin gaba da baya da hannu a hankali, aiki zai yi. Na Baba giris ne kawai. Awa biyu na yi a kansa, da ya saki sai na ji wannan ƙarar tasa, "ƙaras-tak", hoto ya hau, wani ya sauka.

Gwajin farko a yi shi ba hoto, maɓalli a FAN, minti biyar, kana sauraro kana shinshina. Sannan fitila. Sannan hoto ɗaya da mai shi ya ce bai damu da shi ba.

Jera hotuna yana rikita mutane, alhali ƙa'idar ɗaya ce. Ɗaga hoto ga haske yadda sama take sama, rubutu kuma yana karantuwa daidai. Ɗiga alama da biro a kusurwar ƙasa ta hagu. Juya shi kai ƙasa, alamar ta koma sama ta dama. Haka zai tsaya a ƙofar fitila in kana bayan majigi kana fuskantar bango. Ka gwada da hoto mai rubutu, in ya fito daidai sai sauran su bi sahunsa.

Hotunan kansu ba sa son ruwa ko yawu ko gefen riga. Iska ake hura musu, ni da sirinji mara allura nake yi, sai buroshi mai laushi sosai. Ka lura da sunan fim ɗin da ke jikin firam. Kodachrome, wanda aka daina yi a 2009, yana riƙe launinsa shekaru da yawa in yana cikin duhu, amma hasken majigi yana cin sa da sauri, don haka kada ka bar ɗaya a bango fiye da minti guda. Tsofaffin Ektachrome kuwa da yawa sun riga sun koma ja-ja, wannan ba laifin majigi ba ne, kada ka buɗe shi kana neman abin da ya lalace. In hoto ya fito ras sannan bayan 'yan daƙiƙoƙi ya dushe, zafi ne ya sa fim ɗin ya ɗan bankare, taɓa madaidaicin kaɗan ya dawo. Kuma tunda ka samu sun fito, kafa wayarka a kan wani abu ka ɗauki kowanne daga bango, ko ba komai a sami kwafi.

Ajiya: faifai a kwalinsa, a ɗakin ƙasa mai sanyi, a kan maratayi nesa da gara, ba ƙarƙashin rufin kwano ba. Kada a ƙulle shi a leda da damina, gumi ne ke kawo fumfuna, kuma fumfunar da ta ci fuskar fim ba ta gyaruwa. Shi majigin a rufe shi da zane, a toshe hanyar zanzaro, a kuma kunna shi ko sau ɗaya a wata biyu don giris kada ya sake kwanciya.

Da gilashin da ya zo da shi, mai milimita 102, in ka ja baya mita huɗu hoton zai kai faɗin kusan mita 1.4. Haka muka auna a zauren Baba bayan sallar isha'i, muka rataya farin zanen gado, muka ɗora majigin a kan turmi da aka kife aka sa masa faranti, yadda iska za ta shiga ta ko'ina. Janareta yana can bayan katanga da doguwar waya. Hoto na farko gonar gyaɗa ce, kore shar, da wani saurayi siriri riƙe da igiyar awo. Jikokin suka yi ta tambayar wane ne, Baba bai amsa ba sai da ya goge ido da bakin rawaninsa, ya ce shi ne. Muka bi tamanin ɗin duka, biyu kawai suka fito kai ƙasa, na gyara su a wurin.

Da aka gama na mayar da maɓalli kan FAN, na hana yaran ɗaga shi. Zaren cikin ƙwai yana da rauni in yana da zafi, girgiza kaɗan ke tsinka shi, kuma ƙwan ELH ba a samun sa a Gumel, sai an aika Kano a sa a nemo. Muka jira har iskar da ke fitowa ta bayansa ta yi sanyi a tafin hannu, sannan na kashe, na juya faifan zuwa 0, na mayar da shi kwalinsa.